Lallen Inna da Na'urar Tallafi

Wayyo daɗi! 'Yan gurup ku yi min barka, yau kaina fes yake. Masu ta turo min "Ruky ina kika shige, ko an yi miki miji ne ba labari", to ga amsarku: jinya nake, jinyar Inna. Cajina ya kusa mutuwa amma wallahi sai na zayyana muku komai, don duk mai tsohuwa ko tsoho mai ciwon suga a gida, ko wanda aka rubuta sunan nasa a tallafin nakasassu, ya karanta ya tura gaba. Hannu ɗaya ne ya rage wa Inna a duniya, kuma a layin tallafi muka kusa barin sa.

Don wanda bai san ni ba, ni ce Ruƙayya, auta a gidanmu, ina kwaleji a Yelwa, gida kuma Wara. Baba ya rasu ina firamare. Inna bandar kifi take tun kafin a haife ni: tarwaɗa, ƙurungu, karfasa, ta gyara ta jera a kan ragar ƙarfe ta hura wuta, masu saye su zo su ɗaure a kwali. Hatta wayar nan da nake danna muku, hayaƙin Inna ne.

Abin ya fara da ƙayar ƙurungu. Tana gyaran kifi da safe ta soke ta a babban yatsan dama. Ta tsotse wurin ta tofar ta ci gaba, ai ba yau farau ba. Satin farko yatsa ya kumbura yana zogi. Goggo Larai, ƙanwar Babanmu, wadda gidanta ke jikin namu, ta duba ta ce ɗan kankare ne.

"Kuma shi ba ya son allura, Yaya. In anka yi mishi allura sai ya haukace. Ki bar ni da shi."

Aka huda lemon tsami aka zura yatsan a ciki. Aka sa man shanu. Aka ɗaura wani ganye da wata mata ta kawo daga Shanga. Ni ina makaranta, duk kiran da na yi sai Inna ta ce, "Da sauƙi Auta, ki yi karatunki." Ashe tun kafin ƙayar ma akwai alamu, mu ne ba mu gane ba. Tana shan ruwa kamar ba gobe, tana yawan zagayawa, ta rame, kuma tururuwa na taruwa a inda ta yi fitsari. Ku riƙe wannan ta tururuwar, don Allah. Mu dariya muka mayar da ita.

Sati na uku na zo gida hutun ƙarshen mako. Tun daga zaure wari ya tare ni, kuma ba warin kifi ba, na san warin kifi. Na kwance tsumman. Yatsan ya yi baƙi ƙirin, baƙin ya haura tafin hannu. Ban tsaya neman shawarar kowa ba, na yi waya aka samo mota sai asibiti a Yelwa.

Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin gwajin jini daban, kowanne sai ka ji kamar ka yi kuka. Amma likitan da muka samu, wani siriri mai gilashi, Allah ya saka masa. Ya duba hannun, ya duba takardar gwajin, ya cire gilashin ya murza ido.

"Suga ne, kuma ya daɗe. Wannan kuma gangirin ne."

Kalmar nan ta zauna min a kai har yau. Gangirin. Wato naman ya mutu, kuma mutuwar tafiya take. Aka yanke hannun daga ƙasan gwiwa. Maza suka naɗe shi a farin ƙyalle suka kai maƙabarta, Inna tana kwance ba ta ma farfaɗo ba. Akuyoyinmu suka tafi, 'yan kunnen Inna suka tafi. Goggo Larai ta sayar da keken ɗinkinta ba tare da kowa ya roƙe ta ba, ta kwana a ƙasan gadon Inna tun daga ranar farko har sallama. Ina faɗin wannan ne don kar ku tsine mata in kun ji sauran.

Ranar sallama likita ya kama hannun hagun Inna ya ɗaga, yana kallona.

"Wannan ku riƙe shi kamar jariri. Ko allurar ɗinki kar ta taɓa shi. Masu suga ba sa jin ciwo a yatsa, sai dai su gani."

Zaman gida da hannun hagu wani ciwon ne daban. Ɗaurin zani sai an taya ta. Alwala sai an zuba mata. Cin abinci kuwa, matar da ta mare ni ina ƙarama don na kai loma da hagu, yau ita ce take juya baya ga ƙofa in za ta ci tuwo. Wata baƙuwa ta zo dubiya ta miƙa mata goro, Inna ta karɓa, matar ta ce "A'a, da hagu?" kafin ta tuna. Inna ba ta ƙara fitowa tsakar gida ba in da baƙi. Wurin banda ya yi sanyi, kaji suka mayar da shi ɗakin kwana. Ga allurar suga kullum, allura kuma ba ta san an daina sana'a ba.

Shi ya sa da labarin tallafi ya zo muka ɗauke shi da zafi. Ga yadda abin yake a wanda ya zo mana, ban san na wani wuri ba. Shugaban nakasassu na yanki shi ke tattara sunaye. Za ka kai takardar likita, da lambar katin ɗan ƙasa, da lambar waya. Sai ka jira. Ka jira har ka manta. Sai rana ɗaya a ce masu tantancewa za su zo, kowa ya kawo kansa da kansa, ba aike, ba wakili. Su ɗauki hotonka, su ɗauki yatsanka a na'ura, su ba ka kati. Bayan nan in Allah ya yi, alat ya riƙa shigowa lokaci zuwa lokaci, ka je wurin mai POS ka cira. Wanda bai samu shiga ba a zuwan nan, sai wani zuwan, kuma ba wanda ya san ranarsa.

Ana gobe za su zo ina da gwaji a makaranta, don haka sai da safe na biyo motar farko. Na shigo na tarar da Inna a tsakar gida, ta ci kwalliya, atamfarta ta Sallah, kwalli raɗau, tana dariya. Rabon da in ga haƙoranta tun kafin tiyata. Ta ɗago min hannu.

Ƙunshi. Lalle ya kama ya yi baƙi sil, tun daga kan yatsu har gaɓa ta biyu, tafin hannu kuma an yi masa zane mai kyau. Goggo Larai ita ke yi wa amaren unguwarmu ƙunshi, kuma ta zage ta yi na gani na faɗa.

"Ya kika gani, Auta? Goggonki ta ce ba a zuwa gaban hukuma da hannu fari kamar mai takaba."

Duk wanda ya yi rajistar jarrabawar shiga jami'a ya san abin da ake gaya wa 'yan mata: kar ki kuskura ki zo da lalle, na'ura ba ta karanta shi.

"Goggo! Me kuka yi? Yatsa fa za su ɗauka!"

"To mi ya samu yatsan? Ga shi nan garau. Ke dai kin cika iyayi, 'yar boko. Matar ga ta yi wata da watanni ba ta fita ba, sai in bar ta ta tahi kamar bora?"

Na kalli fuskar Inna na haɗiye sauran maganar. Na ce mu je, ƙila a dace.

A filin wata firamare aka yi. Ban taɓa sanin muna da masu lalura da yawa haka ba. Makafi da 'yan jagoransu, masu keke, masu rarrafe a kan ƙasa mai zafi, waɗanda aka tsallako da su a kwalekwale daga ƙauyukan bakin ruwa tun asuba. Ba rumfa, ba ruwa. Wani jami'i yana yawo da waya yana cewa kowa ya bayyana nakasarsa a hoto. Da ya zo kan Inna ya ce ta janye mayafi.

"Ɗaga dungun sama, Mama. Sama sosai. Yawwa. Ki daina murmushi, ba hoton biki ba ne."

Murmushin da aka yi wata nawa ana nema, nan ya mutu.

Rana ta take muka kai gaban tebur. Mai na'urar wani gaye ne ya sha mur, kunne ɗaya da abin jin waƙa, ko kallonmu bai yi ba.

"Babban yatsan dama."

Na ce, "Oga, babu dama."

Sai a lokacin ya ɗago. "To hagu."

Inna ta ɗora. Jan wuta. Ta sake. Jan wuta. Ya kama yatsan ya danna da ƙarfi, ya juya shi ya duba, ya ja tsaki.

"Ku ƙauyawa kuna da matsala. Wa ya ce ki yi lalle? Amarya ce ke? Ku je ku wanke ku dawo. In mun tashi mun tashi. Na gaba!"

Na ce, "Oga, ba wata hanya? Mai ciwon suga ce."

"Na ce na gaba."

Muka koma gefe. Nan fa matan layi suka yi mana caa, kowa da maganinta. Lemon tsami da toka. Kananzir. Sabulun wanki da soson ƙarfe. Wata ta rantse 'yarta ta fitar da nata da bilic, ruwan nan mai fitar da tabo a kaya. Na ce ba wanda zai taɓa hannun nan, likita ya hana. Na ce Inna da Goggo su zauna a inuwar ajin can, ni zan koma in riƙe mana layi in kuma nemi shugaban masu tantancewar in yi masa bayani. Na yi ta zaga filin ana tura ni daga wannan zuwa wancan, ga cunkoso, ga zafi. Da na dawo inuwar, ba Inna ba Goggo.

Wani gida suka shiga a bayan makarantar. Na same su a bakin rijiya. Goggo ta tsugunna, ga kofi da ruwan bilic, ga dutsen goge kaushi a hannunta, tana dirzar babban yatsan Inna tana zufa. Inna ta kawar da kai tana kallon katanga.

"Ci gaba, Larai, ba ni jin komi."

Ba ta jin komai. Fatar ta saluɓe, wurin ya yi ja jawur, ruwan kofin ya canja kala. Na ƙwala ihu na fizge dutsen na wurga shi cikin rijiyar mutane. Goggo ta miƙe tana haki.

"Wanki ne kawai! In sunka tashi wa zai sai mata allura? Ke? Da wane aikin?"

Inna ta ce, "Ya isa. Tunda an riga an yi, mu je a ɗora."

Muka je. Ta ɗora yatsan a gilashin na'ura, ta ɗaga, ya bar shatin jini. Gayen ya zabura da kujerarsa baya.

"Kai! Kin ɓata min na'ura! Wane irin ƙazanta ne wannan?"

Ihunsa ne ya jawo wata jami'a daga ɗaya teburin, babbar mace da hijabi ruwan toka. Ta kalli gilashin, ta kalli dungun Inna, ta kalli yatsan. Ta miƙa hannu ta danna wani wuri a kwamfutar, sau ɗaya. Ta ce, "Mama kalli nan." Ƙyas. Koren wuta.

Ta juya ga gayen. "Ba an gaya muku wanda ba shi da yatsa ko yatsan ya ƙi a ɗauki fuska ba?"

Ya ce, "Yana cin lokaci ne, Hajiya. Kin ga layin."

Dannawa ɗaya, jama'a. Ni da nake tura saƙo goma kafin ku amsa ɗaya na san tsawon dannawa ɗaya. Ya miƙo katin yana goge gilashinsa da tishu, bai ce sannu ba.

Kwana biyu yatsan ya kumbura. Na uku zazzaɓi ya rufe ta. Wannan karon ba lemon tsami, ba ganye, sai Yelwa. Likitan nan mai gilashi ya kwance bandejin da na ɗaura, ya duba, ya ce, "Wa ya yi wannan?" Goggo tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon abinci. Ya zaro biro daga aljihu ya ja layi zagaye da wuyan hannun Inna, a saman inda jan ya tsaya.

"In jan nan ya tsallake layin nan, sai mun koma tiyata."

Inna ta ce, "Likita, in kun yanke wanga, da mi zan yi tsarki?"

Ya rubuta allurai.

Satin farko a gadon nan ban san me nake ci ba. Kowace safiya sai in ɗauki hoton hannun a waya in jera da na jiya ina zuƙowa. Jan yana hawa. Kullum a wanke ciwon, a kankare mataccen nama, nas ta ce a sayo wannan a sayo wancan, wani maganin babu a asibiti sai na hau kabu-kabu cikin gari. Akwai nas ɗin da ta ce wa ta kusa da ita, a gabanmu, "Waɗannan su ne masu lallen," suka yi dariya. Akwai kuma wadda take zuwa ta taje wa Inna kai in ta tashi aiki. Duk a ɗaki ɗaya.

Goggo ta daina shigowa. Ta dafo abinci ta ajiye a baranda ta zauna a can kan tabarma, ta zuba wa ƙofa ido. Ni kuwa ba na ko gaishe ta, ƙarya ba kyau.

Muna cikin haka wata rana da hantsi wayata ta yi ƙara. Alat. Tallafi ya shigo. Matar gadon kusa ta rangaɗa guɗa, 'yan ɗaki suna ta barka, wai Inna ta zama 'yar gwamnati. A ranar jan ya taɓa layin biro. Na je na cire kuɗin, mai POS ya yanki nasa, sauran na zube su a kantin magani, kuma kafin satin ya fita sun ƙare. Kuɗin da aka ba ta don hannun da ta rasa, a kan wanda na'urarsu ta kusa ci suka tafi, ba su ma isa ba.

Jan ya zauna a kan layin. Washegari yana nan. Washegari ma yana nan. Likita ya zo ya duba ya ce a ƙara kwana, ya sake jan layin don ya fara gogewa. Sai wata safiya na jera hotuna na ga wata 'yar tazara tsakanin ja da biro, ko faɗin ƙwayar shinkafa ba ta kai ba. Na kira nas ta duba ko idona ne. Ta ce ba idona ba ne. Na fita baranda da gudu, ban san lokacin da na ce "Goggo, ya ja baya!" ba. Ta kifa kai a gwiwa ta yi ta kuka, mutane suka ɗauka mutuwa aka yi.

Sati biyu bayan nan aka sallame mu, muka ci gaba da zuwa wankin ciwo. Yau aka kwance bandeji na ƙarshe. Yatsu biyar cif, jama'a! Babban ya ɗan siranta, kansa ya yi sumul kamar bayan cokali, zanen yatsa ya tafi har abada, amma yana lanƙwasa, yana riƙe kofi, yana ƙulla zani. Na yi rawa a gaban likita, ban ji kunya ba.

To ku ji. In za ku kai naku tantancewa, kar a yi lalle ana gobe. In an riga an yi, ko yatsa ya ƙi, kar wanda ya goge komai da komai. Ku tsaya a gaban teburin ku ce a ɗauki fuska. In ya basar ku nemi na sama da shi, ku ɗaga murya, ku tara masa jama'a. Kuma ƙaya komai ƙanƙantarta, a hannun mai suga ba ta gida ba ce.

Muna dawowa gida ɗazu saƙo ya shigo wayata: masu tantancewa za su dawo mako mai zuwa don sabunta rajista, kowa ya zo da katinsa a sake ɗaukar yatsa. Na karanta wa Inna. Tana zaune a tsakar gida, a fili, ba ta juya wa ƙofa baya ba. Ta juya hannun ta kalli babban yatsan.

"Likita ya hana lalle?"

"Ya ce na ganye zalla ba komai tunda ya warke, ban da mai haɗin baƙi."

"Kira min Larai."

Goggo ba ta sake taɓa lalle ba tun ranar, amare biyu ta mayar. Ta shigo ta rakuɓe a jikin bango. Inna ta miƙa mata hannun.

"Kwaɓa. Har kan yatsun."

"Yaya, na'urar fa?"

"Ta kalli fuskata. Auta na nan."

Ina nan kuwa, kuma gayen nan zai gane kurensa. Yanzu haka Goggo na naɗe hannun da leda, Inna na mata tsiya wai zanen ya karkace. Ni aka bar wa bai wa Inna tuwo a baki, don haka na ajiye wayar.